Sahun Eriya: Me Ya Sa Ake Rage wa Na Bakin Sahu Murya?

Idan ka hau Dutsen Dala ka leƙa cikin birni, bayan hasumiyoyin masallatai, abin da zai fi tsaya maka a ido shi ne ƙarafan sabis. Ga su nan ta wajen Kurmi, ga su ta Mandawari, ga su ta Yakasai da Gwale, wani bai yi nisa da wani ba. A saman kowanne akwai wasu fararen akwatuna dogaye, galibi suna kallon fuska uku. Yawancinmu mun ɗauka kowane akwati eriya ɗaya ce. Da za a buɗe maka murfin, ƙananan eriyoyi za ka gani, takwas ko goma ko fiye, an jera su daga sama zuwa ƙasa kamar sahu.

Abin mamakin shi ne ba a raba musu wuta daidai wa daida. Na tsakiya ake ba kaso mai tsoka, na bakin sahu kuma a rage musu da gangan. To, kamfanin da ya kashe kuɗi ya sayi eriya goma, me zai sa ya ce wasu su yi ƙasa da murya? Amsar ta shafi kiran da ke yanke maka a lungu, ta kuma shafi jirgin da ke neman sauka a filin jirgin saman Malam Aminu Kano cikin hazo.

Me ya sa ake jera su tun farko?

Ƙaramar eriya guda ɗaya kamar fitilar ƙwai ce: haskenta na watsuwa kusan ko'ina, har da sama inda babu mai waya ko ɗaya. Abin da ake so shi ne tocila, wadda ke tattara haske ta aika shi inda ake bukata. Jera eriyoyi shi ne hanyar mayar da fitilar ƙwai tocila, ba tare da madubi ba.

Ka tuna yara na jifa a kududdufi. Dutse ɗaya ya faɗa, igiyar ruwa ta bazu a zagaye, tudu na bin kwari. In duwatsu biyu suka faɗa tare, igiyoyinsu za su gamu. Inda tudu ya gamu da tudu ruwa ya ƙara tashi. Inda tudu ya gamu da kwari sai su cinye juna, wajen ya kwanta lif. Igiyoyin rediyo haka suke. Tazarar da ke tsakanin tudu da tudu ita muke kira tsawon zango. Siginar da ke kaɗawa sau miliyan 900 a daƙiƙa, wato megahaz 900 na tsohon layin GSM, tsawon zangonta kusan santimita 33 ne. Ta 5G da ke kan megahaz 3,500 kuwa bai kai santimita 9 ba.

Yanzu ka jera eriya biyar a sahu, su yi magana lokaci ɗaya. Wanda ya tsaya can nesa a gabansu sak, nisansa da kowacce kusan ɗaya ne, don haka tuddan duka biyar za su iso masa tare su haɗu su yi ƙarfi. Wanda ya karkata gefe kuwa, wata eriyar ta fi wata kusa da shi. Siginar wata ta riga ta wata isowa, tudu ya fara faɗawa cikin kwari, ƙarfi ya ragu. Da haka ake samun harshe ɗaya mai ƙarfi da ke miƙewa gaba, kamar harshen wuta. Mu kira shi babban harshe. Dabarar ba sabuwa ba ce: Bajamushen nan Karl Ferdinand Braun, wanda ya raba kyautar Nobel da Marconi a 1909, ya gwada ta da eriya uku tun a 1905.

Ragowar da ba ta cinyewa

Da a ce duk abin da ya bar babban harshe yana cinyewa ƙurmus, da magana ta ƙare a nan. Amma ba haka abin yake ba. Kana matsawa gefe, sigina za ta ragu har ta ɓace ɗif a wata kusurwa. Ka ƙara matsawa kaɗan sai ta sake ɗagowa, ta sake ɓacewa, ta sake ɗagowa. Waɗannan ƙananan harsuna da ke tsirowa a gefen babban su ne harsunan gefe. In ka haska tocila a bango za ka ga wani abu mai kama da haka: tsakiya fari tas, sannan wasu zobba dishi-dishi a kewaye.

Bari mu yi lissafin da ko a bayan takardar balangu za ka iya yi. Eriya biyar, tsakanin kowacce da maƙwabciyarta rabin zango, kowacce an ba ta ƙarfi 1. A gaba sak: 1 + 1 + 1 + 1 + 1 = 5. Yanzu ka koma can gefe, ka tsaya a kan layin sahun kansa. A nan kowace eriya ta saɓa da maƙwabciyarta da rabin zango cif, wato in wannan ta kawo tudu, ta kusa da ita kwari za ta kawo. Lissafin ya zama 1 − 1 + 1 − 1 + 1 = 1. Huɗu sun cinye juna, ɗaya ta rasa abokin cinyewa. Wannan ragowar ita ce harshen gefe.

Ana auna ƙarfin wuta ne da ninka lambar a kanta, don haka 1 cikin 5 na nufin kashi 1 cikin 25 na ƙarfin babban harshe. Kuma ba wannan ne mafi girma ba. Harshen gefen da ke daf da babban, a sahun biyar, ya kai kashi 1 cikin 16. Kana iya cewa to a ƙara yawan eriyoyin mana. A ƙara su zuwa ɗari ma, babban harshe zai ƙara sirancewa, amma harshen gefe na farko zai tsaya a wajen kashi 1 cikin 21, ba zai sauka ƙasa da haka ba. Injiniyoyi na faɗin wannan da ma'aunin desibel, su ce yana ƙasa da babban da desibel 13. Ka riƙe wannan kawai: desibel 10 kashi 1 cikin 10 ne, 20 kashi 1 cikin 100, 30 kuma kashi 1 cikin 1,000.

Kashi ɗaya cikin ashirin, ina ruwan wani?

A ƙauyen da ƙarfen sabis ɗaya ne tal, babu ruwan kowa. A cikin badala labari ya bambanta. Gidaje a cunkushe, lunguna ƙanana, ga kasuwa irin Kurmi da tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa take tara jama'a, yanzu kuma kowane mai rumfa da wayarsa da na'urar POS. Tun da aka fara GSM a Najeriya a 2001, hanyar da kamfanoni ke bi su ɗauki ƙarin mutane ita ce su ƙara ƙarafa, su rage faɗin yankin kowanne. Zangunan da hukumar NCC ta ba kowane kamfani ƙididdigaggu ne, dole a riƙa maimaita zango ɗaya a ƙarafa daban-daban. A tsarin 4G ma maƙwabtan ƙarafa kan yi aiki a kan zango guda. Ma'ana, duk siginar da ta tsallake yankinta ta zama hayaniya a kunnen maƙwabci.

Ka san yadda ake ji in lasifikar masallatai biyu na kusa suka ɗauka lokaci ɗaya, kai kana tsakiya: kowacce da ƙarfinta, amma ba ka tsintar kalma ko ɗaya. Haka waya ke ji. Shi ya sa wani lokaci za ka ga sandunan sabis a cike, amma saƙo ya ƙi tafiya. Ɗaya daga cikin dalilan kenan, sigina ta yi yawa daga wuraren da ba a nema ba.

Don magance wannan ana sunkuyar da babban harshe ƙasa da 'yan digiri, ya faɗi a unguwar da aka nufa. Amma ka lura da abin da ke biyo baya. A ce kaurin babban harshe daga sama zuwa ƙasa digiri 7 ne, harshen gefe na farko zai kasance wajen digiri 11 a samansa. In aka sunkuyar da babban da digiri 10 ko 11, harshen gefen nan na sama shi zai miƙe sak a kan rufin gidaje. Kano kuwa shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce, in ka cire Dala da Goron Dutse babu wani tudun kirki da zai tare shi. Sai ya yi ta tafiya har ya faɗa yankin wani ƙarfen. Saboda haka a takardar bayanin irin waɗannan eriyoyi akwai layi na musamman da ke faɗin yadda aka danne harsunan sama, sau da yawa desibel 16 ko 18 ko fiye.

Fiƙe bakin sahu

Mu koma ga eriyoyinmu biyar. Matsalar ta taso ne daga yadda sahun ya yanke kwatsam: ƙarfi cikakke har bakin sahu, daga nan sai babu. Idan aka sa ƙarfin ya riƙa raguwa a hankali daga tsakiya zuwa baki, kamar ƙwallon dabino mai kauri a tsakiya da tsini a kai biyu, ragowar na raguwa. Wannan shi za mu kira fiƙewa, kamar yadda ake fiƙe fensir, sai dai nan kai biyu ake fiƙewa.

Gwada 1, 2, 3, 2, 1. A gaba jimla 9. A gefe: 1 − 2 + 3 − 2 + 1 = 1. Ragowar 1 cikin 9, wato kashi 1 cikin 81 na ƙarfi. Daga 1 cikin 16 mun sauko 1 cikin 81, ba mu ƙara ko ƙusa ɗaya ba.

Yanzu gwada 1, 4, 6, 4, 1. A gefe: 1 − 4 + 6 − 4 + 1 = 0. Babu ragowa sam. A wannan tazarar ta rabin zango, sahun ba shi da harshen gefe ko ɗaya. In lambobin sun yi maka kama da wani abu da ka gani a sakandare, haka ne, layi ne daga dalar lambobin da ake jingina wa Pascal, wadda masanin lissafi al-Karaji ya riga shi bayyanawa a Bagadaza wajen shekara ta 1000.

To me ya hana kowa yin haka a huta? Kuɗin da ake biya. Ga yadda sahun biyar ɗin ke kasancewa a kowane rabo:

1, 1, 1, 1, 1: faɗin babban harshe kusan digiri 21, harshen gefe 1 cikin 16, tattara ƙarfi ninki 5.
1, 2, 3, 2, 1: faɗi digiri 26, harshen gefe 1 cikin 81, tattara ƙarfi ninki 4.3.
1, 4, 6, 4, 1: faɗi digiri 30, babu harshen gefe, tattara ƙarfi ninki 3.7.

Ka ga cinikin? Duk lokacin da ka danne gefe, babban harshe na ƙara faɗi, yana kuma rage nisan zuwa. Dalili a fili yake: eriyar da aka rage wa murya kamar rabinta ba ta nan, sahun ya zama kamar ya gajarta, gajeren sahu kuwa harshensa faffaɗa ne. A rabo na ƙarshe an yi asarar fiye da kwata na ƙarfin tattarawa. Kuma in sahun ya kai eriya goma, lambobin Pascal sun zama 1 a baki, 126 a tsakiya. Ka sayi eriya, ka ɗora ta a sama, ka ba ta abin da bai taka kara ya karya ba.

Cinikin Dolph

A 1946 wani Ba'amurke masanin lissafi, Charles Dolph, ya juya tambayar. Maimakon a nemi kawar da harsunan gefe baki ɗaya, injiniya ya faɗi iya abin da zai iya jurewa, misali kashi 1 cikin 100. Sannan a nemo rabon da zai ba da babban harshe mafi siranta a wannan sharaɗin. Ya samo amsar a cikin wasu ƙa'idojin lissafi na Pafnuty Chebyshev, ɗan Rasha da ya rasu tun 1894, bai taɓa ganin eriyar sadarwa ba. Sirrin shi ne a sa duk harsunan gefe su zama tsayi ɗaya, kowanne ya taɓa iyakar da aka gindaya, babu wanda ya wuce, babu wanda aka danne fiye da bukata.

A sahunmu na biyar, in kana son 1 cikin 100, rabon Dolph shi ne kusan 1, 1.6, 1.9, 1.6, 1. Faɗin babban harshe bai kai digiri 24 ba, tattara ƙarfi ninki 4.7. Kwatanta shi da 1, 2, 3, 2, 1 na sama: gefe ya fi dannuwa, harshe ya fi siranta, ƙarfi ya fi yawa. Ta ko'ina ya fi, don kawai an zaɓi lambobin da hankali.

A manyan sahu rabon Dolph na da wani hali mara daɗi, yakan bukaci eriyoyin ƙarshe su yi tsalle su fi na kusa da su ƙarfi. A 1955 T. T. Taylor ya kawo gyara: harsunan farko na kusa da babban su zama kusan tsayi ɗaya, na nesa su riƙa raguwa. Har yau rabon Taylor na cikin waɗanda aka fi amfani da su a na'urorin rada.

A aikace yaya ake rabon? A tsofaffin akwatuna, siraran hanyoyin tagulla ne ke raba wuta, faɗin kowace hanya da yadda ta rabu su ke ƙayyade kason kowace eriya. A sababbin na 5G, irin fasahar da MTN ta fara da ita a 2022 a birane bakwai har da Kano, akwai akwatin da ke ɗauke da ƙananan eriyoyi 192, kuma kwamfuta ce ke sauya rabon cikin ƙiftawar ido, ta karkata harshe wajen mai waya.

Harsunan ƙasa kuwa ana lallaɓa su

Kada ka ɗauka kowane harshen gefe abokin gaba ne. Ka yi tunanin gidan da ke gindin ƙarfen sabis. Babban harshe ya wuce ta saman rufinsa ya faɗi can gaba. Abin da ke ba mutanen gidan sabis shi ne harsunan gefe na ƙasa, da abin da ya dawo daga bango da kwanon rufi. Tsakanin harshe da harshe kuma akwai gurbin da sigina ke cinye kanta. Shi ya sa mutum kan iya zama yana kallon ƙarfe ta taga, amma sabis ɗinsa bai kai na wanda ke layi na uku ba.

Saboda haka masu ƙera eriyar ƙarfen sabis ba sa yi wa sama da ƙasa hukunci ɗaya. Na sama ake dannewa, na ƙasa kuma a cike guraben da ke tsakaninsu. Ana yin haka ta hanyar taɓa abu biyu tare: ƙarfin kowace eriya, da ɗan jinkirin da ake ba ta kafin ta yi magana.

Inda kuskure ke iya cin rai

Arewa maso gabas da badala akwai filin jirgin saman Malam Aminu Kano, a garin da jirgin sama ya fara sauka a Najeriya a 1925. Kano na cikin manyan tashoshi huɗu na shirin rada na ƙasa da ake kira TRACON, wanda aka ƙaddamar a 2010 ƙarƙashin hukumar NAMA, tare da Legas da Abuja da Fatakwal.

Irin radar da ke tambayar jirgi ko shi wane ne tana juyawa, tana aika tambaya a megahaz 1,030, na'urar cikin jirgi ta amsa a 1,090. Radar na ɗauka cewa duk inda ta fuskanta lokacin da amsa ta zo, can jirgin yake. To in jirgi na kusa, harshen gefe ma ya isa ya tashe shi. Sai ya amsa alhali radar na kallon wani waje, allo ya nuna jirgi a inda babu jirgi, wani lokaci ma ya zana zobe kewaye da tashar. Ka ƙiyasta wannan a watan Janairu, hazo ya rufe gari, mai kula da zirga-zirga ba shi da ido sai allon.

An tare matsalar ta hanya biyu. Ta farko ita ce fiƙewar da muka yi bayani, domin ita ma eriyar wannan radar dogon sahu ce. Ta biyu dabara ce mai kyau: bayan bugun farko na tambaya da kashi 2 cikin miliyan na daƙiƙa, ana sakin wani bugun ta wata hanyar da ke watsuwa ko'ina, wanda ya fi kowane harshen gefe ƙarfi amma bai kai babban harshe ba. Na'urar jirgi sai ta gwada biyun. In na farko ya fi na biyu da desibel 9 ko fiye, babban harshe ne ke magana, ta amsa. In na biyu ya kai na farko ko ya fi shi, harshen gefe ne, ta yi shiru. Dabarar ba za ta yi aiki sosai ba sai an riga an danne harsunan gefen.

Lissafin nan bai tsaya a eriya ba. Kan na'urar sikanin da ake ɗora wa mai juna biyu a asibiti sahu ne na ƙananan masu fitar da sauti, kuma harsunan gefensa kan sa a ga inuwar abin da ba ya wajen, don haka su ma ana fiƙe su. Farantin Starlink, da ya shigo Najeriya a 2023, sahu ne na ɗaruruwan ƙananan eriyoyi, wanda dole ya bi tauraronsa ba tare da ya watsa hayaniya ga taurarin wasu ba.

Takarda daban, saman ƙarfe daban

A kwamfuta kana iya zana sahun da harsunan gefensa ke ƙasa da desibel 50. A ɗora shi a sama ka gani. Eriyoyin da ke kusa da juna na shafar juna, kowacce na ɗan sauya halin maƙwabciyarta. Kuskuren milimita kaɗan a wajen ƙira, ko waya da ta saki, ko ruwan damina da ya shiga mahaɗi, ko zafin watan Afrilu da ke buɗa ƙarfe, kowanne na ɓata daidaiton da cinyewar ta dogara a kai. Cinyewa kuwa aikin daidaito ne: 1 − 4 + 6 − 4 + 1 sifili ne, amma in 6 ta zama 5.5, ragowa ta dawo. Iya zurfin dannewar da kake nema, iya tsananin daidaiton da za ka biya.

Akwai kuma batun wuta. Na'urar ƙara ƙarfin sigina ta fi amfani da wuta yadda ya kamata in tana aiki kusa da iyakarta. A sahun da kowace eriya ke da tata na'urar, rage wa na baki murya na nufin an sayi ƙarfin da ba a amfani da shi. Shi ya sa a wasu manyan rada ake aikawa da cikakken ƙarfi, sai wajen sauraro a yi fiƙewar. A ƙasar da ƙarafan sabis da yawa ke kwana a kan janareta da dizal, wannan ba ƙaramin lissafi ba ne.

In kana da sha'awa, ga aikin gida. Ɗauki eriya bakwai, ka yi lissafin ƙari da ragi na gefe da 1 bakwai, sannan da 1, 2, 3, 4, 3, 2, 1, sannan da layin Pascal mai lamba bakwai, wato 1, 6, 15, 20, 15, 6, 1. Na biyun zai ba ka sifili a wannan kusurwar kamar na ukun, amma shi yana da harsunan gefe a wasu kusurwoyin. Ka zauna ka gano dalili.